Miyar Kauɗa a Garin Tumatir

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya cikin watan Fabrairu ko Maris, da ya wuce Kura ya doshi Kwanar Gafan, ba sai an gaya masa ƙasar da ya shigo ba. Kwanduna ne jere a bakin titi iya ganinsa, ja jawur, ga manyan motoci sun yi layi ana yi musu lodi, wasu za su Legas, wasu Anaca, wasu Fatakwal. Direba kan rage gudu ko ba ya so, don 'yan dako da dillalai sun cika hanya. A irin wannan lokaci in baƙo ya tsaya ya ce a sayar masa da tumatirin miya ɗaya, dariya za a yi masa, a ce ya ɗiba ya tafi. Wannan shi ne Garun Malam ɗin da jama'a suka sani, shi ne kuma wanda abokaina na makaranta suke nufi in suna tsokanata da “ɗan garin tumatir.”

To, akwai wani Garun Malam wanda matafiyi ba ya lura da shi, watau na ƙarshen damina, daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Oktoba, sa'ad da marka ta fara ɗagawa, gero ya sunkuyar da kai, shinkafa ta fara fitar da zangarniya. Lokacin nan kasuwar tumatir ta yi tsit, sai awaki ke shiga rumfunan su fake wa ruwa. In mai karatu ya sauka gidanmu a waɗannan kwanaki, za a kawo masa tumu da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira, ya ci har ya ture. Amma miyar da za a zuba masa a tuwon dare ba ta ga ɗanyen tumatir ba. Kauɗa ce, busasshen tumatirin da Inna ta yanka ta shanya tun watanni shida da suka wuce. Ɗanyen kuwa, in ma an same shi, daga nesa aka kawo, kuma 'yan ƙwayoyi huɗu sun isa su ci kuɗin da a watan Maris zai saya maka daro guda.

Dalilin haka ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Tumatir ba ya shiri da damina irin tamu. Laima da ɗumi su ne abin da cututtukan ganye ke so, ruwa mai ƙarfi yana kakkaɓe fure, in kuma dare ya yi zafi furen da ya rage ma ba ya ɗaure 'ya'ya. Abin da yake so shi ne sanyin hunturu da rana mai haske, ruwa kuma a kawo masa ta gindi gwargwadon buƙata. Saboda haka ake zuba iri a ƙarshen damina, a dasa bayan kamar wata guda, a fara tsinka wajen Janairu. Matsalar ita ce kowa lokaci ɗaya yake yin haka, daga Kura har Bunkure, don haka kowa lokaci ɗaya yake kawowa kasuwa. Wata uku ana zubar da shi, wata uku ana nemansa ido rufe.

Kakanninmu ba su san wannan irin yalwa ba, balle irin wannan asara. Lambunsu a fadama yake, bakin rafi, da jigo ake ɗebo ruwa guga-guga a zuba a komaye, kuma abin da ƙarfin mutum ɗaya zai iya shayarwa bai wuce ya ci a gida ya kai saura kasuwar ƙauye ba. Al'amari ya sake ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙi Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A cikin shekarun farin nan na farkon 1970 aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974, aka haƙa babban kanal ya ɗauko ruwa ya gangaro da shi arewa, ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har bakin gonar mutum. Ba inji ke tura ruwan ba, gangara ce kawai. A Kadawa aka fara gwaji, daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. An tsara kashin farko zai shayar da hekta 22,000. Baba yakan ce ranar da ya fara ganin ruwa yana gudu a gona cikin watan Janairu, ba hadari ba gajimare, sai da ya tsuguna ya taɓa shi da hannu.

Ba zan yi butulci ba. Ruwan nan shi ya hana samarinmu tafiya cin rani, shi ya sa mutanen wasu garuruwa suke zuwa cin rani wurinmu. Shi ya biya mini kuɗin makaranta, in an bi salsala. Kura da a da aka san ta da marina da turkuɗin da Buzaye ke saye, yau injinan casar shinkafa ne suka cika ta. Amma in ka duba dukan abin da aka koya wa manomi tun daga wancan lokaci, ka ga duk a kan yadda zai fitar da amfani ne daga ƙasa: irin zamani, takin zamani, maganin feshi, ranar buɗe ruwa da ranar rufewa. Abin da za a yi da amfanin bayan an tsinke shi, wannan an bar wa Allah da dillali. Wanda ya ɗauki nauyin wannan ɓangare ba tare da an sa shi ba, ba a kuma taɓa kiransa taro an ba shi lemo ba, su ne matan da ke cikin gida.

Bari in gaya muku yadda Inna ke yin tata kauɗa. Cikin watan Maris, in kasuwa ta faɗi har kuɗin kwando da na mota sun fi kuɗin abin da ke ciki, sai Yaya ya sa a juye mata abin da ya ƙi sayuwa a tsakar gida. Ta kira 'yammatan unguwa da matar Yaya, kowa da wuƙarta, su zauna tun hantsi. Ba kowane take karɓa ba. Wanda ya ruɓe ko tsutsa ta huda na awaki ne. Wanda ya yi ruwa-ruwa na miyar yau ne. Mai tsoka, dogon nan mai tauri, shi take so, a tsaga shi biyu, a jera a tabarma cikinsa yana kallon sama. Mu yara mu ne masu hawa soro da shi, mu ne kuma masu korar kaji. Ranar bazara ba ta wasa, cikin kwana biyar ko mako ya ƙanƙance ya yi duhu, in ka murza shi ya yi ƙara. Malaman kimiyya sun ce tumatir fiye da kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, ni kuwa tun ban san wannan lissafi ba na ga shaidarsa, don tulin da ya tare ƙofar ɗaki da safe, bayan mako sai ka gan shi a gindin buhu. Ta ɗaure bakin buhun, ta ɗora a kan maratayi can kusa da madafi inda hayaƙi ke bugawa, don laima da ƙwari ba sa son wurin.

Na san akwai masu yatsina fuska in an ce kauɗa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Wadda ake kaiwa kasuwa galibi a ƙasa ake shanya ta, wani lokaci a gefen kwalta, ƙura da ƙasa da kashin awaki duk su hau, ta yi baƙi, miyarta ta yi tsami da gardin yashi. Wannan ba laifin rana ba ne, laifin wurin shanya ne. Ta Inna in aka jiƙa ta da ruwan ɗumi, aka wanke, aka niƙa da tattasai da albasa, ni dai a bakina ta fi na gwangwani nesa ba kusa ba, don shi na gwangwani launi ya fi bayarwa, ita kuwa tana da ɗanɗanon da ke tsayawa a harshe. Abin da ke ba ni tsoro shi ne soro yana ƙarewa. Duk wanda ya sami kuɗin shinkafa sai ya rushe ya yi rufin kwano, kuma ban ga wanda ya tambayi matarsa inda za ta riƙa shanya ba kafin ya kira magini.

Kauɗa ita kaɗai ba ta riƙe gida har kaka. Abokiyar aikinta ita ce garka, ɗan filin da ke bayan gidanmu, wanda aka kewaye da dangar kara, bai kai rubu'in eka ba. Wannan ba ya cikin taswirar hukuma, ruwan kanal ba ya zuwa gare shi, ruwan sama kawai ya sani da tokar murhu da kashin tumaki. Da saukar ruwan farko Inna ke shiga ta yi shukarta, kuma in malamin gona ya gani sai ya kama kai, don ba layi ba tsari. Masara a gabas, kuɓewa a tsakiya, rama da yakuwa a bin danga, kabewa ta bi ƙasa ta haye bayan ɗakin kaji, gauta da barkono a inda suka ga dama, zogale biyu a kusurwa. Tafasa da lalo da karkashi ba wanda ya shuka su, da kansu suka zo, aka kuwa bar su. Cikin Agusta, sa'ad da hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu na bana bai shigo ba, daga nan ake fitar da kwaɗon rama da na zogale a cika ciki da shi kafin tuwo. Ban taɓa ganin an sayar da ko ganye ɗaya daga garkar nan ba, saboda haka a lissafin maza ba ta kawo komai.

Ƙarshen damina shi ne lokacin da garka ke bayar da fiye da abin da za a iya ci. Kuɓewa musamman ba ta jira, in ka bar ta kwana uku ta ƙosa ta zama itace. Kullum da safe Inna na ciki da ƙwarya, ta ɗaure hannu da tsumma saboda ƙaiƙayi, ta tsinko, a yanka ƙanana a shanya. Sai dai shanyar Satumba ba ta Maris ba ce. Rana na fitowa da zafi kamar da gaske, kafin la'asar hadari ya taso daga gabas, ka ji mata daga gida zuwa gida suna ƙwala wa yara kira a kwashe shanya. In ruwa ya taɓa ta sau ɗaya ta yi yauƙi, ta yi funfuna, aikin kwana uku ya tafi. Ganye kuwa, irin su kuka da zogale da karkashi, a inuwa take shanya su cikin zaure, ta ce rana tana cinye musu kore. Daga baya na karanta cewa rana tana rage musu amfani ma a jiki. Da na gaya mata sai ta ce, “To, su ma sun gane ke nan.”

Ba mu kaɗai muka san garka ta nuna ba. Kurege shi ne babban ɓarawon gyaɗa, ya tona ya ci, ya kuma ɗauki wata ya je ya binne can gindin danga, ya tsaya da ƙafa biyu yana kallonka kamar kai ne ka shigo masa gona. Gafiya da dare take nata aikin, ta cika kumatu da masara ta kai rami, in yara suka haƙa ramin wani lokaci sukan tarar da abin da ya kai rabin ƙwarya a tare wuri guda. Bushiya ba ta ɓarna, ƙwari take bi, Inna ta hana a taɓa ta. Damo kan kwanta a ƙarƙashin ganyen kabewa, sarkin haƙuri, sai ka kusa taka shi sannan ya motsa. Wanda ake tsoro shi ne kasa, don ita ma ba ta gudu, launinta kuma launin busasshen ganye ne, shi ya sa ba a shiga garka da asuba sai da sanda a gaba. Wata shekara kumurci ya shiga akurkin kaji ya shanye ƙwai, aka kwana biyu ba mai zuwa bayan gida shi kaɗai.

A sama kuma ana sallama ne da maraba. Shamuwa da ta zo da ruwan farko ta yi sheƙa a kan kukar bakin masallaci, yanzu 'ya'yanta sun yi fiffike, sai ka ga suna taruwa da yawa suna shawagi can sama da rana tsaka, wata safiya a wayi gari bishiyar ba kowa. Kudancin Afirka da gabashinta suke tafiya, inda damina ke farawa sa'ad da tamu ke ƙarewa. Ba mai jifan shamuwa a garinmu, ta kuwa cancanta, don fara da tsutsa take ci a gona. Wanda ke maye gurbinta shi ne jan-baki, kuma shi ba a yi masa maraba. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma masana sun ce a duk tsuntsayen daji na duniya ba wanda ya kai shi yawa. In garkensa ya taso daga kachalar bakin ruwa da sassafe, kamar hayaƙi ne ke murɗawa a sama, in kuwa ya sauka a shinkafar da ke madara, kafin ka rugo daga wancan gefe ya tsotse abin da ya tsotse. Na yi hutu uku ina wannan gadi. A ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, a kafa mutum-mutumi wanda tsuntsayen ke gane shi cikin kwana biyu, kai kuma kana kan 'yar rumfa da majajjawa tun fitowar rana har faɗuwarta kana ihu. Muryata takan dushe kafin sati. Masu hali yanzu raga suke saye su lulluɓe gonar ɗungum, in abin ya yi yawa kuma gwamnati kan turo jirgin sama ya yi feshi a inda suke kwana. Ramuwarmu ɗaya ce, wanda aka kama a raga a soye yake ƙarewa, da yaji.

Tsofaffi sun ce ba haka dajin nan yake ba. Suna ba da labarin kura tana kuka a bayan gari, da gada da barewa a inda yanzu shinkafa ce shimfiɗe, sai mu riƙa ji kamar tatsuniya. Zomo da fakara ma sun yi wuya, don ba saura, ba kurmi, ko'ina an nome. Abin da ruwa ya kawo a madadinsu na ruwa ne: balbela fari fat a bayan garma, zalɓe a tsaye a bakin kanal kamar mai jiran bashi, kirinjijiya da ke wucewa da dare tana fito, guza, kwaɗi da ba sa barin mutum barci, tarwaɗa da karfasa da yara ke kamawa in an rage ruwa. Ya kuma kawo sauro rani da damina, da ɗan katantanwar nan mai ɗauke da tsargiya, wadda kusan duk yaron da ya yi wanka a kanal ya san ta. Ban ce a mai da ruwa Tiga a dawo mana da kura ba. Na dai faɗi abin da ya tafi da abin da ya zo.

A hutun da ya wuce, garkar nan ta kusa haɗa Inna da Yaya. Shi Yaya so yake ya riga jama'a. Lissafinsa shi ne wanda ya zuba iri a farkon Satumba zai fara tsinka tun kasuwa ba ta cika ba, ya sayar da kwando ɗaya kuɗin da wanda ya makara zai sayar da biyar. Gonarsa ta kanal kuwa shinkafa ce a ciki, ga ruwa kwance, ba inda zai yi komayen iri. Wurin da ya dace, mai tudu, mai taki, kusa da gida inda ido zai riƙa kai, shi ne garkar Inna. Sai ya same ta da daddare bayan tuwo, ya durƙusa ya ce, “Inna, da za ki yi haƙuri a cire kuɓewar nan, ai ta kusa gama yayinta. In Allah ya sa na dace, buhu guda na busasshiya zan sayo miki a kasuwa.”

Yaya shi ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Sai ta juyo wajena ta ce, “Kai, gaya wa yaron nan, kuɓewar da ke ba ni ƙwarya guda kullum ita ce ta gama yayi? Ka kuma tambaye shi, shekarar da tsutsa ta cinye masa gona, a wace kasuwa ya sayo mana miya?”

Shekarar da take nufi 2016 ce. Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, asalinsa daga Kudancin Amurka, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya bi ƙasa ƙasa har ya iso mu. Masana suna kiransa Tuta absoluta, manoma suka sa masa suna Sharon. Tsutsarsa tana shiga tsakanin fatar ganye ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai mata sosai, ta huda 'ya'yan kuma. Gonar da ka bari kore shar, ka dawo bayan 'yan kwanaki ka tarar kamar an bi ta da wuta. Abin ya kai har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar, a Legas kuwa masu abinci suka koma neman abin da za su sa a miya ya yi ja. Yaya ya ci bashin taki da magani, ya fesa ya sake fesawa, bai fitar da kuɗin iri ba. Abin da Inna ta samu ta yanka daga tsinkar farko, da ragowar buhun bara, da busasshiyar kuɓewa da kuka, su muka ci har wata kaka, har maƙwabta suna aiko yara da kofi. Ba ta taɓa gorantawa ba sai a wannan dare.

Duk da haka ban ga laifin Yaya ba. Shi ke sayen taki, shi ke biyan 'yan ƙwadago, shi ke biyan kuɗin ruwa, kuma ya sha zama a Kwanar Gafan tun safe har yamma dillali yana juya masa farashi, tumatir yana tsiyaya a gindin kwando, ya san in bai sayar yau ba gobe ba abin sayarwa. Wanda kayansa ke ruɓewa ba ya ciniki, karɓa kawai yake yi. Mun sa rai ƙwarai sa'ad da kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa a 2016, wadda aka ce za ta iya cin tan 1,200 a rana. Sai ga shi shekarar buɗewar ita ce shekarar Sharon, bayan nan kuma ta yi ta tsayawa tana tashi, don inji yana so a ba shi kullum, gona kuwa wata uku take bayarwa. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta ƙara haraji a kan markaɗaɗɗen tumatirin da ake shigowa da shi daga waje. Amma je ka teburin mai kayan miya a Chiromawa ko Yadakwari cikin Satumba, ka ga 'yan ledoji da gwangwanaye a jere, mata na saye, ga gonakin tumatir suna kallonsu ta bayan gida.

Wadda ta shigo da wata dabara cikin maganar ita ce ƙanwarmu da ke aure a Kano. Ita ba ta son kauɗa, mijinta ya ce tana yi masa tsami, don haka ta koyi sawa a kwalba wurin maƙwabciyarta. A wanke tumatir, a markaɗa, a dafa har ruwan ya tsotse ya yi kauri. A wanke kwalaben da aka gama amfani da su, masu murfin ƙarfe, a tafasa su. A zuba da zafinsa, a bar ɗan sarari a sama, a matse murfi, a jera a babbar tukunya da tsumma a gindi, ruwa ya rufe su, a bar su suna tafasa kamar minti arba'in. In sun huce sai murfin ya lotsa ciki, alamar iska ba ta shiga ke nan. Ta zo mana da guda shida da ta yi tun Maris, aka buɗe ɗaya, ja kamar jiya aka niƙa. Dabarar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya bayyana ta a littafi a 1810, gwamnatin Napoleon ta ba shi kyautar faran 12,000, shi kansa kuwa bai san dalilin da ya sa abinci ba ya lalacewa ba, sai bayan shekaru kusan hamsin Louis Pasteur ya nuna aikin ƙwayoyin cuta ne.

Sai dai 'yan'uwa, kwalba tana da sharaɗin da kauɗa ba ta da shi, kuma ya kamata duk wanda zai kai wannan ilmi ƙauye ya kai shi cikakke. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin ƙasa wadda tafasar ruwa ba ta kashe ƙwanta, kuma wurin da ba iska shi take so. Gubar da take fitarwa tana shanye jiki har numfashi, ba lalle ne kuma a ji wari ba. Abin da ke hana ta tashi shi ne tsami. Tumatir yana da ɗan tsami, shi ya sa ake iya yi da shi, ana ma son a ƙara cokali guda na ruwan lemun tsami a kowace matsakaiciyar kwalba don a tabbata. Amma in aka cika shi da albasa da tattasai tsamin ya ragu, kuɓewa da wake da nama kuwa sam ba a yi musu haka da tukunyar gida. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, zubarwa ake yi ba ɗanɗanawa ba. Inna ta saurari duk wannan, ta juya kwalbar a hannu, ta yaba launin, sannan ta tambayi itacen nawa aka ƙona. Da aka gaya mata sai ta ce rana dai ba ta taɓa aiko mata da lissafi ba. Amma na lura ba ta bar kowa ya taɓa sauran biyar ɗin ba, ta ce na baƙi ne da Sallah.

Maganar garka kuwa sai da ta kai ga Baba. Ya ji ta kowa, ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce gefen gabas inda aka riga aka karye masara a ba Yaya ya yi komayensa, kuɓewa da rama kuwa ba mai taɓa su sai sun daina bayarwa da kansu. Yaya ya ce wurin ya yi kaɗan, Baba ya ce iri ne za a zuba ba gona za a yi ba. Muka ɗauka an gama, sai Inna ta ce, “Malam, saura ladan ƙasata.” Ta ce kwando goma take so bana, kuma ba daga ragowar da dillali ya ƙi ba, daga tsinka ta biyu, sa'ad da 'ya'yan ke da tsoka ba su ga tsutsa ba. Biyu daga ciki za a aika wa ta Kano ta sa a kwalba, ita za ta ba da itace. Yaya ya buɗe baki, ya dubi Baba, ya rufe.

Washegari ni da shi muka tuge kututturan masara, muka daddatsa ƙasa muka yi komaye huɗu, ya barbaɗa iri, muka rufe da ciyawa don kada ruwan ƙarshe ya tone shi. Kwana shida ya tsiro, siri-siri kamar gashin jariri. A rana ta bakwai kaji suka shiga suka tone rabin komi ɗaya. Yaya bai ce komai ba, don kajin na Inna ne, ita ma ba ta ce komai ba, sai da la'asar muka gan ta ta jawo ƙayar magarya tana kewaye wurin da kanta.